Surukina da Baƙinsa na La'asar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar da aka kai Baba makwancinsa, gidanmu ya ɗauki mutanen da ban taɓa zaton zai ɗauka ba. 'Yan kara, wato kasuwar shanu, sun zo kai tsaye daga cikin dabbobinsu. Fulani sun zo daga rugage, sun jingine sandunansu a bangon waje. Daga Ƙonni ma an ƙetaro iyaka, wasu a babur, wasu a ƙafa. Mu mata muna ciki, amma ta ƙofar tsakar gida ana hango zaure, kuma na ga abin da kowa ya gani ya yi shiru a kai. Zauren ya cika har wasu na zaune a rana, amma gefen tabarmar Baba na hannun dama, wajen bango, babu wanda ya zauna. Duk wanda ya shigo sai ya dubi wurin, ya kauce, ya matsu da na kusa da shi.

Wani tsohon dillali, abokin Baba tun ƙuruciya, ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, aka amsa. Bai shigo ba. Ya juya wajen bangon nan ya sake yin wata sallamar a hankali, ya ɗan jira, sannan ya cire takalmi. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana kusa da ni tana jan carbi. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "To, ya huta da baƙi. Ko kuwa su ne sunka huta da jira."

A bayana na ji wata mata tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa ai gidan tsohon nan ne mai ganin matattu. Wannan raɗar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ni matar ƙaramin ɗansa ce, ni ce na yi shekaru ina kai masa abinci zaure, kuma ba na son jikokinsa su tashi da wannan kaɗai a kunne.

Baba dillalin shanu ne a karar Illela. Ban taɓa ganinsa a kara ba, amma na ga yadda yake yi wa ragon layya a tsakar gida, kuma maigidana ya ce haka yake yi wa bijimi. Ba ya fara da buɗe bakin dabba kamar sauran dillalai. Sai ya sa a kwantar da ita, ya ja da baya, ya haɗa hannuwa a baya, ya ce a tashe ta. Yana kallon yadda za ta tattara ƙafafu, ko za ta yi nishi, ko za ta tsaya kamar mai shawara kafin ta ɗago. Yakan ce, "Haƙori shekarun da sunka wuce shika faɗi. Tashi shi ka faɗin waɗanda sunka rage."

Da ya tsufa ya rage zuwa kara, sai ya juya wannan idon a kan tsararrakinsa. Idan ya je gaida tsoho, ba ya wadatuwa da "lafiya lau". Zai roƙi ruwa don ya ga ko maigidan zai iya miƙo moɗa ba ta zube ba. Zai dubi takalman da ke bakin ƙofa ya ga wanne gefe ya fi cinyewa. Zai dubi farcen ƙafa, don a cewarsa tsohon da farcensa ya yi tsawo, ko ya kasa sunkuyawa ne, ko kuma ba shi da mai kula da shi. In zai tafi sai ya kira 'ya'yan gidan gefe ya ce a kafa wa babansu abin dafawa a makewayi, ko a daina bar masa tuwo mai tauri, ko a kai shi a duba kunnensa.

Wannan hali ya ja masa. Tsohon dillalin nan da ya yi sallama sau biyu, sai da suka yi dogon zamani ba sa magana. Baba ya gan shi a kan babur wajen layin 'yan canji, ya ga sai ya juya jikinsa gaba ɗaya kafin ya dubi baya, sai ya je ya ce wa 'ya'yansa su karɓe makullin babur ɗin. Da safe mutumin ya zo ƙofar gidanmu yana faɗa, har maƙwabta suka leƙo.

"Ni sa ne da za ka yi mini kuɗi? Wa ya aike ka?"

Baba yana zaune bai motsa ba. "Ba wanda ya aike ni. Wuyanka ya ƙage, kuma hanyar nan manyan motoci ka bin ta."

"Kai dai ɗan baƙin ciki ne tun muna yara!"

Da ya tafi, Baba ya ce wa maigidana, "Ƙyale shi. Gara ya yi fushi da ni bisa ƙafafunshi."

A hankali aka fara tsoron gaisuwarsa. Aka ce duk tsohon da Baba ya daɗe yana kallo ba ya ganin sallar baɗi. Wata tsohuwa a unguwarmu, in ta ji sallamarsa sai ta yi maza ta zauna a kan darduma ta kama carbi, don kada ta tashi a gabansa. Da labarin ya kai masa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ban kira kowa ba. Hanya nika gani, ba ni na share ta ba."

Gefen tabarmar da mutane suka guje wa yana da tarihi. Wata shekara da rani ya kama, wasu Fulani da Baba ya daɗe yana sayar wa shanu suka shirya gangarawa kudu neman ciyawa. A kara Baba ya ga tsohonsu ya tashi daga ƙasa yana hawan sandarsa hannu bayan hannu, kamar mai fitowa daga rijiya. Ya ce wa 'ya'yan, "Wanga ba ya kaiwa. In kun tafi da shi, a hanya za ku gina mishi kabari." Suka ce ba su da inda za su bar shi. Baba ya kawo shi gida, ya shimfiɗa masa buzu a gefensa na dama. Ni nake dama musu fura su biyu. Tsohon ba ya son magana, Hausarsa ma ba ta da yawa, sai su wuni tare suna kallon hanya. A nan ya cika kafin ruwan farko, kansa a cinyar Baba. Da 'ya'yansa suka dawo suka kawo karsana, Baba ya ce su mayar.

Bayan wasu shekaru na fara ganin abubuwa a kwanon Baba. Tsakanin suruki da matar ɗa akwai kunya. Nakan durƙusa in ajiye, in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi. Amma mai ɗauke kwano tana ganin abin da mai zama hira ba ya gani. Tuwon yakan dawo an ci gefe ɗaya tas, ɗaya gefen ba a taɓa ba. Da nake wanke kayansa na ga ƙullin mazagin wandonsa yana ta matsowa ciki. Wata safiya na tarar da buta a kife a hanyar makewayi, ga shatin gwiwa da tafin hannu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi kuwa yana zaure yana lazimi kamar ba abin da ya faru.

Sai kuma maganar la'asar. Idan ya dawo daga masallaci rana ta karkata, zauren kan yi duhu-duhu, kuma daga madafa nakan ji muryarsa. Da fari na ɗauka baƙi ya yi. Yana ba da labarin farashin shanu, ya yi shiru daidai tsawon da mutum zai amsa, sannan ya ci gaba. Wata rana na kai fura, ya ce, "Ɗiyata, ƙaro ludayi." Na duba zauren. Babu kowa sai shi. Takalmi ma nasa ne kaɗai a bakin ƙofa. Na koma na kawo ludayin, ya karɓa ya ajiye shi a hankali a gefen dama, bakinsa na kallon bango.

Na gaya wa maigidana, shi kuma ya kira wansa da ke zaune a Sakkwato. Yaya ya zo, aka yi ta cacar baki a ɗakinmu. Shi ya ce Baba ya ruɗe, a kwashe shi a mayar gidansa a birni inda za a sa masa ido. Maigidana ya ce raba Baba da zaurensa daidai yake da binne shi. Gwaggo ta ce ba ruɗewa ba ce, iska ce, ta aika aka karɓo rubutu. Liman ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, a dai yawaita addu'a a kuma nemi magani. A ƙarshe aka yarda a kai shi asibiti a Sakkwato, abin da likita ya ce shi za a bi. Aka ce in bi su don in riƙe masa abinci.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ba ta fara da allura ko na'ura ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ya zauna a kujera, sannan ta ja da baya ta ce, "Baba, ka tashi ba tare da ka dafa ba, ka je ƙofar can ka dawo."

Baba ya dube ta, sai ya fashe da dariyar da na daɗe ban ji ba. "Ɗiyata, a wace kara kinka yi dillanci?"

Yaya ya bayyana mata, ita ma ta yi dariya. Baba ya tashi, ya ɗan yi tangaɗi, ya je ya dawo. Ta ce ya matse hannunta. Ta auna jininsa yana kwance, ta sake aunawa yana tsaye. Ta faɗa masa abubuwa uku, goro da raƙumi da tsintsiya, ta ce ya riƙe, ta ɗauke shi da hirar wace rana ce yau da wane gari muke, can ta ce ya maido mata su. Ya maido, har ya ƙara da cewa raƙumin bai faɗa mata ko na Azbin ne ba. Ta haska idanunsa. Ta sa aka zazzage jakar magungunansa a kan tebur, na kemis, na 'yan talla, da waɗanda aka sayo a Ƙonni masu rubutun Faransanci, ta yi ta ware su tana girgiza kai.

Daga nan ta tambayi su Yaya ko yana wanka da kansa, ko yana cin abinci sosai, ko ya taɓa faɗuwa. Duk suka ce lafiya lau. Ta ce, "Wa ke kai masa abinci?" Aka nuna ni a bayan ƙofa.

Ban taɓa yin magana a kan Baba a gabansa ba. Na ja mayafi na rufe fuska. Sai na ji muryarsa. "Faɗi, ɗiyata. Ba a ɓoye ma mai saye aibi."

Na faɗi na tuwo, na faɗi na mazagi, na faɗi na buta. Yaya ya juyo yana kallona, don bai san da faɗuwar ba. Sannan na faɗi na ludayi.

Likitar ta matso da kujerarta. "Baba, kana ganin wasu mutane da sauran ba sa gani?"

"Ina ganinsu."

"Su wa?"

"Wani Bafillace da ya zamna wurina. Da yayana da tafkin Kalmalo ya ci muna samari. Wani lokaci da uwar yaran ga."

"Suna yi maka magana? Suna ce ka yi wani abu?"

"A'a. Ni ka magana. Su zama sukai."

"Suna ba ka tsoro?"

"Tsoron mi? Duk na san su."

"Ka san sun rasu?"

Baba ya gyara zama. "Da hannuna na sa biyu cikin kabari. Ni ban ce su ne ba, ɗiyata. Na ce ina ganinsu."

Maigidana ya sunkuyar da kai, don mahaifiyarsa aka ambata.

Likitar ta ce hankalin Baba garau yake. Yanar ido ce ta rufe masa ido ɗaya gaba ɗaya, ta kusa rufe ɗayan, shi ya sa yake cin gefen kwano. Ta ce tsohon da ganinsa ya dushe yakan ga mutane a inda babu su alhali hankalinsa na nan, kuma wasu ƙwayoyin da yake sha suna ƙara haka, suna kuma sa jininsa ya faɗi in ya miƙe. Ta cire mafi yawansu. Ta ce a yi masa aikin ido, a sa fitila mai haske a zaure, a kafa ƙarfen dafawa a makewayi, a ƙara masa nono da ƙwai da nama mai laushi. Yaya ya ce, to zaman Illela fa? Ta ce mutumin da ke wanka da kansa, ya je masallaci da ƙafarsa, ya san kowa a unguwarsa, ba ta ga dalilin tumɓuke shi ba.

Aka yi aikin, ido bayan ido. Ranar da aka cire masa auduga ta ƙarshe na kai abinci, ya ce in ɗago. Na ɗago. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe kin yi furfura ba a gaya mini ba." Ya yi ƙiba kaɗan. Bai sake faɗuwa ba. Ranar kasuwa maigidana yakan ɗauke shi a babur ya kai shi kara, ya zauna a inuwa samari na kawo masa shanu yana dubawa. Zauren kuma ya yi shiru da la'asar. Gwaggo ta ce rubutu ne, maigidana ya ce likita ce, kowa ya yi hamdala.

Wata la'asar bayan kaka na shiga da ƙwaryar fura. Fitila na kunne, ko'ina fes. Ina durƙusawa sai na ga Baba ya janye ƙafafunsa da sauri, yadda mutum ke yi in wani zai gifta. Ya bi wani abu da ido daga ƙofa har bango. Ya ga na gani.

Ya ce, "Likitar nan ta iya aiki. Da hazo-hazo nika ganinsu. Yanzu har ɗinkin rigar yayana nika gani."

Ashe ba su taɓa tafiya ba. Shiru ya yi don kada a sake tada maganar Sakkwato. Da lokacin komawa asibiti ya yi, shi da bakinsa ya gaya wa likitar. Ta sake gwada shi daga farko, tashi da tafiya da tuna abubuwa, ta aika aka ɗebi jini. Ta ce ba ta ga abin da ya canza ba, kuma ba za ta ƙirƙiro masa suna don ta huta ba. Ta ce muddin yana ci, yana barci, ba ya firgita, a bar shi a gidansa, amma a kira ta in an ga ya fara manta hanya ko mutane. Bai taɓa mantawa ba har ya bar duniya.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu. Akwai 'yata ta biyu da ta rasu tana shekara uku ba ta taɓa takawa ba. Ƙafafunta sun shanye tun tana jaririya, da gindi take ja. Mata sun sha yi mini maganar da ba ta da daɗi a kanta. Baba ne kaɗai yakan sa a kawo masa ita zaure, ya ɗora ta a cinya yana murza mata ƙafafu da man shanu, ko da yake shi ya fi kowa sanin ba za su tashi ba. Ranar da ta rasu shi ya ɗauke ta a hannunsa har maƙabarta, bai yarda kowa ya karɓe shi ba.

A watansa na ƙarshe ƙarfinsa ya fara janyewa ba tare da wani ciwo ba. Ya koma salla a zaune. Da kansa ya ce a daina kai shi kara. Wata la'asar na ajiye kwano zan tashi, sai ya ce, "Ɗiyata, zamna." Ban taɓa zama a zaurensa ba. Na zauna a bakin tabarma ta hagu.

Ya ce, "Kwanan ga sun ƙaru. Akwai wata ƙarama cikinsu. Na yi ta shawara ko in gaya miki."

Na san abin da liman ya ce, kuma na yarda da shi. Na san abin da likita ta ce. Amma na ji bakina ya riga ni.

"Baba, a zaune take?"

Ya haɗa hannuwansa, ya ɗan karkata kai, yana kallon tsakiyar zaure inda babu komai sai hasken fitila a kan daɓe. Idonsa ya tafi a hankali daga bango zuwa ƙofa, ya tsaya, ya dawo. Ya daɗe. Ina jin kukan babura a titi kamar daga wani gari.

Sannan ya ce, "Da ƙafarta ta shigo. Ba ta jan ko ɗaya."

Na toshe baki da mayafi na fita. Bai sake tada maganar ba, ni ma ban sake tambaya ba. A ƙarshen makon, da hantsi, maigidana ya shiga gaishe shi ya tarar da shi a kishingiɗe, hula a kai, carbi a hannu, ya riga ya cika.

Ban san abin da Baba yake gani ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, a duk rayuwarsa bai taɓa yi wa mai saye ƙarya a kan ƙafar dabba ba, bai kuma taɓa gaya wa mutum abin da yake son ji don ya faranta masa ba. Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka shi, Ya yafe masa kurakuransa. Ranar da za a tashe mu duka, Allah Ya tashe shi da sauƙi.